Direban Da Ba Ya Jiran Mota Ta Cika

Ran tara ga Maris magatakardan sashen zuciya na asibiti ya fara ganin Direba, kwance a gadon tura marasa lafiya, gumi na tsiyaya, ƙanwarsa riƙe da takalmansa. Likita ya zura siririn bututu ta hannunsa, ya buɗe jijiyar zuciyar da ta toshe. Da ƙyar ya sha.

Ranar sallama likitan ya ce, "Ku mutanen bayan dutse kun fi rasuwa a wannan aikin. Hannunmu ɗaya ne, ku ne kuke zuwa a makare."

Direba ya san dalili. A tasharsu mota ba ta tashi sai ta cika, ko da fasinja zai wuni dafe da ƙirji.

Da ya koma aiki, duk wanda ya zo da ciwon ƙirji sai ya sa shi gaba ya tayar, ko mutum uku ne a ciki. Shugaban tasha ya kira shi.

"Kawu, ka sake tashi ba lodi, ka bar layi."

"Ɗan nan, tun kana goye nake wannan layin. Ranar da naka ƙirjin ya kama, in jira ta cika?"

Ya sake, aka cire shi. Ya koma ajiye motarsa gindin bishiya bayan tasha, masu ciwo suka san wurin. A nan ya yi aiki har ido ya hana shi tuƙi. Yanzu yana gida cikin jikoki, babban ɗansa ke jan motar.