Yanki na Uku na Dutsen Maryse

Duk wanda ya yi karatun duwatsu a Nouméa, babban birnin wani tsibiri can tsakiyar teku, cikin shekaru talatin ɗin nan ya san Kawu Apollinaire. Ba shi da digiri, kuma ko a jikinsa. Mutumin Pouébo ne, can arewacin tsibirin. Yana saurayi ya zo birni neman aikin dako a tashar jirgin ruwa, sai Allah ya jefa shi wani ɗaki na masana duwatsu, mai warin gam da jiƙaƙƙen dutse, ya zauna ke nan. Aikinsa ɗaya ne: a kawo masa dutse ya yanka, ya manna a gilashi, ya yi ta gogawa da ruwa da garin wasa har kaurinsa ya kasa na ɓawon albasa, haske ya riƙa ratsa shi. Daga nan masana su ɗauka su sa a madubinsu na ƙara girma, su yi ta musu. Shi kuwa ya wanke hannu ya buɗe kwanon doyar da matarsa Léontine ta haɗo masa.

Duwatsun garinsu aka fi kawo masa, masu nauyin tsiya, kore-kore, da jajayen ƙwayoyi a jiki da ake kira ganet. Masanan sun ce ƙasan teku ne ya nutse can cikin ƙasa, ya gasu, ya sake tasowa. Wai kowace ƙwaya hawa-hawa ta girma, kowane hawa yana riƙe da shaidar zafin da ya sha da nauyin da ya danne shi. Kawu kan yi dariya ya ce shi dai a kansu ya koyi tafiya, ba wanda ya taɓa gaya masa matafiya ne. Amma yana son aikin nan, so na gaske, kuma yana alfahari da hannunsa.

Yadda masu sana'ar ke gane yanki ya kai, launi suke dubawa. Akwai fararen ƙwayoyi a dutsen, idan suna nuna rawaya a madubi to da saura, idan sun koma ruwan toka sai a ɗaga hannu. Ka ƙara ko kaɗan, ganet ɗin ya zube, gilashi kawai za a bar ka da shi.

To, a shekararsa ta sittin da ɗaya yanar ido ta fara rufe masa gani, komai ya soma yi masa rawaya-rawaya. Ya sani sarai, ya yi gum, ko Léontine bai gaya wa ba.

Ana cikin haka Maryse, wata ɗaliba mai neman digiri na uku, ta kawo masa dutse ɗaya tak, bai fi dunƙulen hannu ba. A bakin wani rafi ta samo shi, kuma bayan ta dawo guguwa ta zaftaro da wani tudu ta binne wurin. Karatunta kacokan a kan dutsen nan ya rataya. Yanki uku kawai ya fitar masu ƙwaya cikakkiya. Kawu ya goge na farko har ya cinye, ya goge na biyu shi ma ya bi sahu. Ya ɗora wa gam laifi, ya yi ta masifa, har ya watsar da gwangwanin. Ya ga idon Maryse ya yi ja, abin ya tsaya masa a rai.

Ranar na ukun ya zo da sassafe, ya yi ta gogawa a hankali. Can ya ji gilashin ya yi santsi ƙarƙashin yatsunsa, irin santsin da ya sani. Ya sa a madubi, sai ga rawaya ɓaro-ɓaro. Hannu ya ce ya isa, ido ya ce a ƙara. Har ya sake yayyafa ruwa ya ɗora gilashin, sai ya tsaya. Shekara talatin bai taɓa neman wani ya duba masa aiki ba, kunya kamar ta kashe shi. Ya leƙa ƙofa ya kira Maryse.

Ta shigo tana tsokanarsa, wai yau kuma wane gam ne ya yi laifi.

"Zauna ki duba mini, 'yata. Wane launi kike gani?"

Ta sunkuya, ta daɗe. "Ruwan toka ne, Kawu. Ya kai. Ga ƙwayar nan lafiya lau, tun daga tsakiya har baki."

Ya ja kujera ya zauna. "Biyun can ba gam ba ne," in ji shi. "Idona ne."

Ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi ranar Alhamis ita za ta kai shi wurin likitan ido, in ya ƙi kuma ta kai ƙararsa wurin Goggo Léontine. Wannan barazanar ce ta yi aiki.

Bayan wata huɗu ta kawo masa sakamakon bincikenta, ya karanta da idon da aka yi wa aiki. Dutsen ya nutse kusan kilomita saba'in, ya sha zafi wajen digiri ɗari shida, sannan ya juyo. Kawu ya ji daɗi har ransa. Sai ya tambaye ta ko biyun da ya cinye da sun faɗi wani abu daban. Ta ce wannan kam ba mai sani har abada. Ya jinjina kai. Sannan ya ɗauko yankin da ke gabansa, na wani ɗalibi, wanda shi da kansa ya ga ya kai, ya miƙa mata ya ce ta duba masa.