Waƙar Celina Ta Koma Ta Baiko

Duk wanda ya taɓa yin sujada a ƙaramar majami'ar nan ta bayan layin dogo a Kakuri ya rera waƙar Baba Ishaya, ko da bai san fuskarsa ba. Mutumin Pankshin ne. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya shiga masaƙa, ya kwashe shekara ashirin da bakwai a tsakiyar injuna. A can yake haɗa waƙoƙinsa: inji na bugawa, shi yana jera kalmomi a kai, in an tashi ya rubuta su a littafin 'yan makaranta. Kalmomin kaɗai yake rubutawa. Karin waƙa kuwa, in ji shi, ba a ajiye shi a takarda, baki da baki ake bayarwa. Kai, taurin kai irin na Baba Ishaya! Sau nawa aka ce ya koyi do-re-mi, ya ce shi ya wuce firamare.

Injunan nan su suka cinye masa kunne. Lokacin da matarsa Celina ta rasu, na dama ya riga ya tafi, na hagu yana tangal-tangal. Da wannan guntun kunnen ya yi waƙarsa ta ƙarshe, wadda amshinta ke cewa: "Ka riƙe mini ita, ya Yesu, sai na zo." A hankali ake janta, har mai buga tulu a Zumuntar Mata sai ta numfasa tsakanin bugu da bugu. Mako uku yana koya wa 'yan kwaya, mawaƙan majami'ar, yana faɗa, yana buga benci. Ranar da aka rera ta, har Fasto sai da ya cire tabarau. Kafin shekara ta zagayo, kunnen hagu ma ya rufe ruf.

Sai soja suka tattara suka koma bariki a casa'in da tara, 'yan takara suka gano hanyar majami'u. Wani mai neman kansila ya kawo kyautar fiyano na lantarki, irin mai kiɗan ganga a cikinsa, maɓalli ɗaya za ka danna. Samson, sabon shugaban kwaya, ma'aikacin gwamnati ne daga Barnawa, kuma wallahi ba mugu ba ne. Son waƙar yake, shi ya sa ya ɗora ta a kan gangar.

Baba Ishaya bai sani ba. Yana bencin gaba kowace Lahadi, yana bin leɓen mutane da ido. Ran nan lokacin baiko, wato ba da sadaka a majami'a, jama'a suka yi layi suna taka rawa, mata na kaɗa hankici, benci na girgiza a ƙarƙashinsa. Har murmushi yake, yana kaɗa kai. Sai wata mata ta zo daidai gabansa tana juya ƙugu, ya karanta bakinta: ka riƙe mini ita.

Da aka tashi ya tare Samson. Samson ya rusuna, ya rubuta masa a bayan takardar sanarwa: "Baba, waƙarka ta kai Sabon Tasha da Mahuta, kowa da ita yake baiko."

"Ba haka take ba! Tsaya ka ji."

Ya buɗe baki ya ja. Mutumin da ba ya jin muryar kansa, ina zai san inda ta nufa? Ya ga 'yan kwaya sun sunkuyar da kai, wata ta toshe baki da ɗankwali. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya ɗauki hularsa.

Mutum ɗaya ta rage masa, 'yarsa Juliana, wadda ta rera waƙar tana kuka a ranar farko. A gida ya same ta tana tsince shinkafa. Ya zauna, ya miƙa mata tafin hannunsa.

"Juliana, rera mini waƙar Mamanki yadda na koya muku. Ki riƙa buga mini a nan, in ji."

Ta goge hannu a zane, ta rufe ido, ta soma. Yatsunta suka hau tafinsa, ɗas-ɗas-ɗas, da sauri, har kafaɗarta na motsi.

Ya damƙe yatsun. Ta buɗe ido, ta matso da fuskarta yadda zai ga bakinta sosai.

"Baba, lafiya? Ai haka take."