Shekarar da Na Koma Maƙerar Baba

Ina aji uku a jami'a wani malaminmu na tarihi ya ba mu labarin da ya hana ni sukuni. Ya ce masana sun binciki ƙwayoyin halitta a ƙasusuwan mutanen da suka mutu shekaru dubbai da suka wuce, suka bi sawun wasu da suka taso daga gabashin Sibariya, a zamanin da maƙeran tagulla ke bin koguna da mashi da gatari. Ana jin ta nan harsunan da ake kira Uralik suka bazu, har suka kai Finland.

Ni ɗan maƙeri ne, daga wani ƙauye kusa da Basirka. Ana tashi na bi malam ofis. Na ce a bayan garinmu akwai tudun kashin tama, inda kakanninmu suka narka ƙarfe, kuma tsofaffi na cewa da can ba Hausa suke yi ba.

"Wane yare suke yi?"

"Ba wanda ya sani, Malam."

"To kai za ka gano. Ka gama karatu, mu je mu tona tare."

Ban gama ba. Ana gab da damina Baba ya faɗi a gaban wuta, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga asibiti a Birnin Kudu muka dawo da shi gida, muka tarar da garemani da fartanyoyi jibge a ƙofar maƙera, masu su na jira. Mu shida ya haifa, ni kaɗai ne namiji.

Inna ba ta roƙe ni ba. Cewa kawai ta yi, "Wutar nan ba ta taɓa mutuwa ba tun da aka kawo ni gidan nan."

Na ce zan riƙe maƙerar na damina ɗaya. Aka riƙa fito da Baba kan tabarma, yana nuna mini da hannun hagu inda zan daka. In na kuskure sai ya buga ƙasa, hawaye na zubo masa, don maganarsa ba ta fita.

Malam ya kira sau biyu. A na biyun na ce masa sai bayan girbi. Bayan girbi aka kawo laujuna da gatura, sannan auren ƙanwata ya taso. A shekara ta uku masu tifa suka kwashe tudun kashin taman nan suka cike ramukan hanya da shi. Ina tsaye da guduma a hannu na ga ana lodi, ƙarfe na wuta, ban iya barinsa ba.

Yanzu mutane sun daina tambayata yaushe zan koma makaranta. Manoma har daga Gwaram suke zuwa, suna cewa garmata ta fi ta Baba ƙwari. Duk sanda aka faɗi haka a gabansa sai ya gyaɗa kai, ya dube ni. Ni kuma in ce na gode, in ja zuga-zugi.