Fayil Mai Lamba Arba'in da Bakwai

A cibiyar binciken shaye-shaye kowa Baba Ma'aji yake kiransa, har waɗanda suka girme shi. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, tsakanin kwalayen hirarrakin da likitocin farko suka yi da mashaya giya. Bai taɓa neman ƙarin girma ba, bai taɓa tafiya hutu ya bar wa wani makulli ba. Shugabanni huɗu sun yaba masa a rubuce kan kishin aiki.

Gaskiyar magana, gadin mahaifinsa yake yi.

Yana yaro, motar cibiyar kan zo ƙofar gidansu duk wata ta ɗauki tsohon, wanda tela ne. Unguwa ta ga motar, ta karanta rubutun jikinta, ta yanke hukunci. Tela ya rasu bai yi wa kowa bayani ba, domin ba mai tambayarsa. Gaishe shi kawai ake yi da tausayi. Saboda haka da ɗan ya gama makaranta ya nemi aiki a wurin, ya duba rajista, ya gano mahaifinsa ne lamba arba'in da bakwai. Daga ranar fayil ɗin ya fara yawo. Bana yana cikin kwalin rasiɗan fenti, baɗi yana bayan taswirar magudanar ruwa. Ƙona shi bai taɓa zuwa masa a rai ba, shi ma'aikaci ne mai amana. Buɗe shi kuwa rashin kunya ne.

Sai ga wata Dakta matashiya ta zo rubuta tarihin binciken. Ta ƙirga fayiloli, ta sake ƙirgawa.

"Baba, saura ɗaya."

"Gara ce ta ci, 'yata."

"Garar nan ta yi makaranta. Ta tsallake arba'in da shida, ta bar arba'in da takwas."

Mako uku tana saukowa da kujerarta, tana gaishe shi da ladabi, tana buɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya. Da ta doshi kwalin fenti, ya ga gwamma ya miƙa fayil ɗin da hannunsa. Ya ajiye mata, ya juya baya yana goge kantar da ba ta da ƙura.

"Mahaifina ne," ya ce wa kantar.

Ta shiga juya shafuka.

"Baba, ka taɓa karantawa?"

"Ɗa ba ya leƙa irin wannan."

"Ai yana rukunin waɗanda ba sa sha ne. Da su ake auna mashayan. Ga abin da likitan ya rubuta: sun sha wuya kafin su sami mutum ashirin da ko ɗanɗanawa ba su taɓa yi ba, kuma hantar wannan ta fi ta kowa kyau."

Baba Ma'aji ya zauna a kujerarta ba tare da neman izini ba. Can ya ce, "To ki sa sunansa a littafin. Cikakke, da sana'arsa. A kai unguwarmu."

"Ba zai yiwu ba, Baba. Sunayen mahalarta sirri ne har abada. Kai ka sa ni na sa hannu a takardar alkawarin, ranar da na zo."

Haka ne. Har biro ya ara mata.