Ruwan Da Na Gani A Busasshen Rafi

Jama'a, wallahi abin da zan ba ku ba shirin fim ba ne, duk da fim ne sana'ata. Ni ya faru da ni, shekara goma sha da suka wuce, lokacin hanyar Maradun tana da lafiya, mutum ya taso daga Talata Mafara a kan babur har Faru ba ya ko waiwaye.

Ni mai ɗaukar hoto ne, amma ba na finafinan rawa da waƙa ba. Irin namu za ka ga mutum yana tafiya minti biyar ba wanda ya ce uffan, har abokaina na tsokanata wai fim ɗinmu maganin rashin barci ne. Ƙa'ida biyu nake taƙama da su: ba na kunna fitila, hasken Allah nake jira, kuma in na fara ɗauka ba na yankewa, don a ganina gaskiyar mutum ba ta fitowa sai ya manta da kyamara, ba ya kuwa mantawa sai an daɗe.

To, ni da daraktanmu Lawali muka sami wani tsohon manomi a Faru, Baba Ɗanjumma, wanda bai taɓa fim ba. Abin da muke so kawai ya bi tsakiyar wani busasshen rafi mai doguwar gaɓa, ya yi ta tafiya har ya ɓace a kwana. Farkon damina ne, ni kuma na kafe sai ranar da hadari ya yi baƙi can gabas, rana ta yi sanyi ta zubo ja a kan yashi. Kwana tara muna zuwa muna komawa, ran na tara bayan la'asar muka samu.

Na ce, "Baba, ko me ka ji kada ka tsaya, kada ka waiwayo, sai na kira ka."

Ya ce, "To ɗana, na jiya."

Ya gangara, ni ina bakin gaɓa na sa ido a kyamara, ya yi nisa kenan sai na ga ruwa, jan ruwa mai kumfa da karare, ya kai masa gwiwa. Na ɗago kai, yashi ne busasshe ƙayau. Na sake sa ido, ruwa ya kai masa ƙirji, shi kuwa yana ta tafiyarsa. Kunya nake ji in faɗa, amma sai da na yi jinkiri, ina tunanin hasken nan da ba zan sake samu ba. Can dai na kwatsa ihu, na bar kyamara, na dira da gudu na jawo tsohon muka hau gaɓa.

Lawali kamar ya mare ni. "Mi kaka yi haka? Kwana tara muna jiran hasken ga, kai da ba ka yankewa!"

Muna nan tsaye yana ta faɗa, ba a yi minti goma ba muka ji ƙugi kamar babbar mota, sai ga ruwa ya shanyo kwana, ya cika rafin har baki, yana juya wani kututture kamar tsinke. Ashe can gabas wajen mafarin rafin aka sheƙa ruwan sama, mu ko ɗigo bai taɓa mu ba. Lawali ya zube ƙasa yana salati, ni kuwa dariya da hawaye suka haɗe mini, ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba.

Nan take muka duba abin da na ɗauka. Yashi ne kawai da tsoho yana tafiya, ba ruwa ko kaɗan.

Da muka raka Baba gida, ina ta ba shi haƙurin fizgar da na yi masa, sai ya ce, "Ɗana, tun da nit taka yashin nan nij ji sanyin ruwa ga ƙahwata, har yak kai min ga ƙirji. Amma kai kac ce kar in tsaya."

Har yau ban san me ya nuna mini ruwan ba, Allah ne masani. Shawarata gare ku, musamman masu irin sana'armu: kada ku taɓa ce wa dattijon ƙauye ko me ya ji kada ya tsaya. Wallahi ba zai tsaya ba.