Jigida a Kan Tsumma

Shekarun baya, lokacin da sama ta hana ruwa, soja na riƙe da ƙasa, an yi wata waƙa. Jikata ce ke rubuta muku, ni ban yi lakwal ba, wato boko.

Waƙar wasa ce, ta shigo mana a kaset daga ƙetaren iyaka. Mawaƙin na yabon mace mai ƙugu, wadda jigida ke zauna mata daram, yana tsokanar siririya, wai a ɗaure ta kada iska ta ɗauke. Ko'ina a Matamaye ita ake ji. Har a layin dawar taimako, gaban kamiyon soja, babbar motar nan tasu, 'yan mata na rera ta, ana dariya ciki ba komai.

Ni ban yi dariya ba. Maigidana ya tafi cin rani Kano, wata bakwai, ya bar ni da jikina a cike. Muka koma cin dusa da ganye, ga goyo na tsotso. Wata safiya na miƙe daga gindin turmi, jigidata ta silale har idon sawu.

Sai ga saƙo wai maigida yana tafe ran kasuwa. Tsoro ya kama ni. Mutumin da ya ga matan birni, ya ji waƙar nan, ya dube ni ya kau da kai fa?

Na nannaɗe tsumma a ƙugu, na ɗora jigida, na ɗaura zane. Uwar mijina ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar nan, gero ya ƙi gona, sai a ƙugunki ya yi?"

Na ƙara gyara zanena.

Ran kasuwar da azahar maigida ya shigo, rana na dukan ƙasa, shi kuwa riga uku a jikinsa, gumi na tsiyaya.

"Malam, sanyi ake a Kano?"

"Ke fa, wa ke ba ki tuwo a ɓoye?"

Na durƙusa in miƙa masa ruwa, bakin tsumma ya leƙo ƙarƙashin zane. Ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tuɓe rigunan nan ɗaya bayan ɗaya. Haƙarƙari ne kawai. Dako yake yi, ci ɗaya a wuni, saura ya aiko mana.

"A tasha na ji waƙar," in ji shi. "Na ce, to ni namijin fa?"

Ya karɓi jigidar, ya rage 'ya'yanta, ya ƙulle daidai ƙuguna.

Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, waƙoƙi sun juya, siririya ake yabo. Jikar nan tawa tana shanye ciki gaban waya kafin a ɗauke ta hoto. Na gaji da ce mata ta ci abinci. 'Ya'yan jigidar da ya rage suna nan a ƙasan kwallata, na ce ta ƙirga su ta ga abin da yunwa ta ci.