Tsagar Kakana

Ban tarar da kakana a duniya ba. Abin da ya rage na kamanninsa hoto ne guda, mai baƙi da fari, bai kai tafin hannu ba, wanda kakata take ajiye da shi a ƙasan adakarta a Shagari. Danshin damina ya ci gefensa, fuskar duk ta daddare.

Lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Bodinga, kaina na fashewa da jin na iya. Ni na matsa mata ta ba ni, na ce zan gyara shi in ƙara masa girma. Ta daɗe tana juya shi kafin ta miƙo.

"To, angona, ga abokin kishinka nan. Ka riƙa shi da kyawo, ban da wani."

Haka take kirana tun ina rarrafe, wai ni ne mijinta na biyu, marar cefane.

Na shimfiɗa hoton a gilashin na'urar sikana na ɗauka. Da na zo ɗagawa, sai fatar takardar ta manne da gilashi, rabin fuskar ya ɓare kamar ɓawon albasa. Na lallashi kaina cewa ai yana cikin kwamfuta.

Na zauna gyara. Na ƙara haske, na daidaita rawanin, na yanke bangon ƙasar da ke bayansa. Sannan na shiga share ɗigo-ɗigo da layukan darewar takarda. A kumatunsa akwai wasu layuka sirara da suka tashi daga gefen baki zuwa kunne. Na lura sun fi sauran tsari, har hannuna ya ɗan tsaya. Amma a gidanmu daga mahaifina aka daina tsaga, ban saba ganinta a fuskar jinina ba, kuma gaskiya fuskar ta fi burge ni a sumul. Na goge su tas. Na adana gyararren a kan na asalin, ko kwafi ban bari ba.

Ranar Juma'a na hau mota da hoton a firam, ina jin kaina. Kakata ta goge hannu da zane ta karɓa, ta kai shi bakin ƙofa wajen haske. Ta ƙura masa ido har na fara tsarguwa.

"Wanga wa na?"

Na ce Malam ne mana, mijinta.

"A'a. Wanga dai ɗan birni na. Ina tsagarshi? Ni da tsaga nis san shi." Ta juyo gare ni. "Kawo min ƙaramin in diba."

Na ciro shi daga ambulan, na miƙa mata abin da ya saura. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so ta zage ni, ko ta kira mahaifina ta haɗa ni da shi. Ba ta yi ko ɗaya ba, ko tsokanar da ta saba ba ta yi ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

Ta shiga ɗaki ta ɗauko tandun kwallinta. Ta zauna a tabarma, ta ɗora firam ɗin a cinya, ta tsoma maciyi, tsinken sa kwalli, ta fara ja a kan gilashin, daga gefen baki zuwa kunne. Ba ta yi kokwanton inda kowane layi yake ba. Da ta gama kunci ɗaya ta koma ɗayan, sannan ta nisanta shi ta duba.

"Yawwa, Malam. Sannu da zuwa."

Na ce ta bari in koma da shi in zana layukan da kwamfuta, su zauna daram. Ta rungume firam ɗin a ƙirjinta.

"Bar shi nan, angona. Ya yi tahiya ta ishe shi."

Har yau yana rataye a ɗakinta. Ana share ko'ina, amma ba a goge gilashin nan.